Jirin teku: abin da ƙanenmu ya so ya ɓoye ma Inna

 Maganar da muka zo da ita yau, mun san wasu za su fara dariya tun daga kanta. Za su ce mutumin Kiéché, wanda babban ruwan da ya sani shi ne tafkin damina mai ƙafewa kafin sanyi ya fita, mi ya kai shi zancen teku? Ku yi haƙuri ku bi mu har ƙarshe. Mu ma da haka muke gani, sai da abin ya shigo har cikin gidanmu.

Gaskiya ne ƙasarmu ta tudu ce. Dallol Mawri da muke zaune a cikinsa tsohon kwarin kogi ne, ruwan ya daɗe da komawa ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiyoyin kwari ba su da zurfi, shi ya sa garka ke yi. Daga nan zuwa bakin teku a Kwatano, in aka bi ta Doso da Gaya, kusan kilomita 1000 ne. Amma ku zagaya garuruwanmu bayan an kai hatsi rumbu, ku ƙirga samarin da suka rage. Daga Kiéché, Matankari, Dankasari, Tibiri, Kore Mairuwa, motoci cike suke tashi zuwa Kwatano, Lome, Ikko, Abijan da Gana. Cikin masu tafiya bida akwai waɗanda abincinsu ke kai su bakin ruwa: wasu Yawuri, a tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968, wasu Yeji a tafkin Bolta na Gana, wasu kafin 2015 har tsibiran tafkin Cadi suke kaiwa. Kuma tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin kogi ba, in za ta gaida jikokinta a Kwatano, sai ta shiga kwalekwale. To kun ga ruwa ya zama zancenmu, ko mun so ko ba mu so ba.

Ƙanenmu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi bayan girbin 2023. Da farko dako yake yi a kasuwar Dantokpa, daga baya wani ɗan garinmu ya ja shi tashar masunta da ke kusa da babbar tashar jiragen ruwa, yana ɗaukar ƙanƙara da manyan darukan kifi. Damina ta faɗi bai komo ba, ya ce sai ya haɗa kuɗin aure. Wata rana cikin Agustan 2024, ɗaya daga cikin ma'aikatan wani babban kwalekwale bai zo ba, mai jirgin ya dube shi ya ga ƙarfi, ya ce in zai shiga za a ba shi kaso. Kason kwana uku a ruwa ya fi abin da yake samu a makonni na dako. Yaron da ke ɗaga buhun hatsi shi kaɗai, wa zai ce mashi ba zai iya ba?

Kwana huɗu bayan haka muka samu saƙon murya a WhatsApp, da ƙyar muka gane muryar. Ya ce: "Yaya, don Allah kak ka hwaɗa ma Inna. Ni dai ban san mi ka damuna ba. Tun da munka bar gaɓa nike amai, hal abin da babu shi cikin ciki sai da ya hito. Ko igiya ban iya ja ba. Sun yi ta yi min dariya, sun ce Bahaushe da teku. Yanzu ma da nike tsaye bisa ƙasa, ƙasar tana tahiya da ni."

Muka ce mashi ya bari. Ya ce a'a, in ya bari ya zama abin zance a zango, kuma wani mai tallar magani a bakin tashar ya ba shi ƙwaya mai sa ƙarfi. Da muka matsa, ashe tramol ce. Ya sha, ya koma fita ta biyu. A wannan fitar ce ya leƙa gefen jirgi zai yi amai, raƙumin ruwa ya bugi jirgin ta ɗaya gefen, rabin jikinsa ya fita waje. Wani dattijon masunci ɗan Gana ne ya damƙo shi ta ɗamarar wando. Babu rigar ruwa a jikinsa, babu ko ɗaya a cikin jirgin, kuma ƙanenmu bai iya iyo ba. A ina zai koya?

Maganar ɓoyo ba ta yiwu ba, kun san garinmu. Kafin mako ya zagayo Inna ta ji a bakin rijiya. Ta kira mu ta ce: "Kai da kake magana da duniya dut, ɗan uwanka na can ƴan ruwa sun kama shi, ka yi shiru?" A wurinta babu shakka iska ce. Ta riga ta yanke shawarar sayar da akuyarta guda don a yi abin da ake yi. Ba mu zo nan don mu rena abin da iyaye suka gada ba, Arewa ce, kowa ya san gidan da ya fito. Mun dai roƙe ta ta ba mu kwana biyu kafin akuya ta ga kasuwa.

Muka tafi wurin wani majo da muke gayyata a shirin lafiya. Da muka kunna mashi saƙon, ya yi murmushi ya ce wannan ai mal de mer ne, mun karanta shi a lakwal mun manta. Ya ɗauki takarda ya zana mana kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƴan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu ƴan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwa da ido ba ya gani. Aikinsu shi ne su gaya ma ƙwaƙwalwa ko kai ya juya, ko jiki ya yi sama, ko ya yi ƙasa, ko ya karkata. Ido ma yana kai nasa rahoton, gaɓoɓi ma haka. A tudu duka bakinsu ɗaya. A cikin jirgi kuwa, in mutum ya sunkuya yana duban katako ko taru, ido na cewa komai tsaye yake, kunne na cewa ana ta ɗaga mu ana saukewa. Wannan saɓanin ne ke rikita ƙwaƙwalwa. Sai hamma ta fara, yawu ya cika baki, zufa mai sanyi ta keto, fuska ta kwaɓe, kai ya yi nauyi, zuciya ta tashi, sai amai.

Ya ce abin da ya tabbatar ma likitoci cewa daga kunne ne, mutanen da wannan sashen na kunnensu ya mutu gaba ɗaya ba sa jirin teku ko kaɗan. Ya kuma tuna mana cewa mun san ciwon, sunansa ne ba mu sani ba. Matar da ke amai a kujerar baya ta Hiace a kan hanyar jar ƙasa, da yaron da ke yin jiri in ya daɗe bisa raƙumi, duk abu ɗaya ne. Yara masu shekara 2 zuwa 12 sun fi saurin kamuwa, mata sun fi maza, musamman masu ciki, haka ma masu ciwon ɓarin kai. Ƙarfin damtse ba ya shiga lissafin. Kuma motsin da ya fi tada zuciya shi ne mai nawa, wanda ke ɗaga ka ya sauke ka sau ɗaya a kamar daƙiƙa biyar, irin na teku. Ƙananan igiyoyin kogi masu sauri ba su cika yin haka ba. Don haka ko Basarke ɗan Kabi da aka haifa cikin jirgi, wanda ke shiga Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934, ranar da ya fara fita teku yana iya kwantawa kamar kowa.

Da ya ji zancen tramol kuwa sai murmushin ya ɗauke. Ya ce ita kanta tana kawo jiri da tashin zuciya da barci, in an yi mata yawa har farfaɗiya take sa wa. Ba mutum mai jirin teku tramol kamar zuba fetur a wuta ne.

Muka koma muka yi ma Inna bayani da kwanon ruwa a hannu, muna karkata shi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce to, akuya ta tsira, amma laya sai ta tafi. Muka ce ta tafi.

Cikin Disambar 2024 muka ɗauki hutu muka bi sawunsa, da niyyar mu haɗa shiri a kan ƴan Arewa masu aikin ruwa. A Gaya muka shiga kwalekwale tare da mata masu goyo, buhunan albasa da babur guda biyu. Ƴan mintuna muka tsallaka, ko gezau ba mu yi ba. Muka fara jin kanmu, muka ce lalle yaron nan raki ne da shi. Da muka isa Kwatano muka roƙi a fita da mu na rabin yini kawai. Manyan jiragen nan nasu daga Gana ake sassaƙo su daga gungumen itace guda, a ƙara katako a gefe, a ɗaura inji a baya. In ka gan su a gaɓa sai ka ce ba abin da zai motsa su.

Bari mu lissafa maku wautar da muka yi, don kada wani ya maimaita. Mun kwana biyu a mota ba barcin kirki. Daren fitar muka zauna hira da ƴan garinmu a zango ana ta dafa shayi mai kauri har ƙarfe ɗaya. Da asuba muka cika ciki da taliya mai mai da soyayyen kifi, wai kada yunwa ta kama mu. Muka zaɓi gaban jirgi don mu ga komai. Da aka wuce inda ruwa ke fashewa, muka sunkuyar da kai muna duba waya ko muryar tana shiga. Ba a yi minti arba'in ba muka fara hamma. Abin da ya biyo baya, mutuncin mai gabatar da shiri ba zai bar mu mu faɗa duka ba. Mun dai gane cewa akwai lokacin da mutum ke jin ko an ce jirgin zai nutse ba zai ɗaga kai ba. Wannan mutuwar jikin ita ce ta fi amai haɗari, don mai ita ba ya riƙe komai, ba ya kula da komai.

Dattijon nan da ya ceci ƙanenmu, wanda ke jin Hausar zangon Gana, shi ne ya rarrafo ya karɓe wayar daga hannunmu. Ya ce: "Malam, aje wannan. Zo tsakiya. Duba can, inda sama ya taɓa ruwa, kar ka duba wani wuri." Ya jingina kanmu da akwatin ƙanƙara, ya ba mu ruwa kurɓi ɗaya, ya ce a jira, sannan wani kurɓin. Ya ƙara da cewa yau ai teku barci take yi, mu zo watan Yuli ko Agusta mu gani. A wannan watan ne ƙanenmu ya fara. Shi kuwa yana can yana jan igiya, yana satar kallonmu, bai ce komai ba. Mun san abin da ke ransa, kuma yana da gaskiya.

To ga abin da muka tattaro daga bakin majo, da masuntan, da cikinmu. Ku riƙe, ku tura ma naku.

Rigakafin yana farawa tun daren jiya. Ma'aikatan jirgin ruwa na Faransa suna da wata ƙa'ida ta kalmomi huɗu masu farawa da harafin F, da Hausa su ne yunwa, sanyi, gajiya da tsoro; wasu na ƙara ƙishirwa ta biyar. Duk wanda ya shiga ruwa da ɗaya daga cikinsu ya buɗe ma jiri ƙofa. Saboda haka a yi barci isasshe. Kada a fita da ciki wayam, kada kuma a cika shi. Kunu, burodi, ɗan garin rogo, shinkafa marar mai, ayaba, duk sun isa. A bar soye-soye, yaji mai yawa, shayi mai kauri da giya. A ɗauki riga mai kauri ko ta leda, don sanyin asuba a kan ruwa da feshin da ke jiƙa mutum ba irin na hunturun Dutsi ba ne, shi yana shiga ne ta rigar da ta jiƙe.

Sai wurin zama. Gaban jirgi ya fi ko'ina tsalle, bayansa kuma akwai hayaƙin inji da warin fetur. Tsakiya, ƙasa-ƙasa, inda iska ke bugun fuska, nan ne wurin baƙo. A fuskanci inda ake tafiya. A sa ido a can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ko a kan gaɓa in ana ganinta, don ido ya ga motsin da kunne ke ji, bakinsu ya zo ɗaya. A rage juya kai. Waya a aljihu. Duk aikin sunkuyo, kamar ɗaura ƙugiya, sa abincin kifi a mamari, warware taru, a yi shi tun a gaɓa in da hali, ko a roƙi a ba sabon shiga aikin da ake yi kai a ɗage. Kun lura direba ba ya amai a motar da yake tuƙawa? Don jikinsa ya san motsin kafin ya zo. Haka mai riƙe da inji, haka wanda ke kallon raƙuman ruwa yana bin su da jiki kamar mai hawan doki, maimakon ya sandare. A nisanci warin ruɓaɓɓen kifi da hayaƙin taba gwargwadon iko.

Sai citta, wadda ke kowace kasuwa tamu. Masunta da yawa na tauna ta, kuma an taɓa gwada ta: a 1988 likitoci a ƙasar Danmak sun ba wasu ɗaliban sojan ruwa su 80, wasu garin citta giram ɗaya, wasu abin da ba magani ba, aka ga waɗanda suka sha citta sun fi ƙarancin amai da zufar sanyi. Ba kowa take yi ma aiki ba, kuma ba ta kai maganin asibiti ƙarfi ba, amma tana da sauƙi, ba ta sa barci. Lemun tsami ma wasu na jin daɗin shinshina shi ko tsotsa.

Maganin asibiti akwai shi, a farmasi ake sayensa, ba a tiren mai yawo ba. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci za ku ji Nautamine ko Mercalm, a Najeriya da Gana za ku ji Stugeron ko Avomine. Abu uku za a riƙe. Na farko, kafin a shiga jirgi ake sha, wasu da rabin awa, Stugeron da kamar awa biyu. In amai ya riga ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki balle ta yi aiki. Na biyu, dukansu suna sa barci da nauyin jiki, don haka mai riƙe da inji ko mai aiki a bakin jirgi ya yi hattara, a fara gwada shi a tudu ranar da ba aiki, kuma kada a haɗa shi da giya ko tramol ko maganin barci. Na uku, mai ciki ta tambayi saj-fam tukuna, ƙananan yara sai da izinin likita, haka dattijo mai wahalar fitsari da mai hawan jinin ido. Akwai kuma wani ɗan manne da ake liƙawa a bayan kunne, Scopoderm, ana sa shi tun daren jiya, yana aiki har kwana uku, amma shi sai da takardar likita, kuma a wanke hannu bayan an taɓa shi kada ya shiga ido.

In duk da haka abin ya zo, a nan ne ake rasa rai ko a tsira. Da ka ji hamma da yawu, faɗa ma na kusa da kai, kada ka jira. Amai a bokiti ko a kwarya ake yi, a cikin jirgi, daga baya a zubar. In dole sai a ruwa, a durƙushe, ta gefen da iska ke tafiya, wani na riƙe da ɗamararka. Kada a miƙe tsaye. In kallon nesa bai yi ba, a kwanta rigingine a tsakiyar jirgi, a rufe ido, a tokare kai kada ya yi ta gangara. Wanda ke amai yana gyangyaɗi kuwa a juya shi ta gefe kada ya shaƙe. A lulluɓe shi, a kare shi daga rana. Ruwa kurɓi-kurɓi, ba kofi guda a tashi ɗaya ba. In aman ya yi yawa, a jiƙa ƙunshin SRO irin wanda ake ba yara masu zawo, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, lita ɗaya, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Kada a bar shi shi kaɗai, ko da ya ce a ƙyale shi.

Kuma ba kowane amai a ruwa ne jirin teku ba. In akwai zazzaɓi, a tuna da maleriya. In akwai zawo mai yawa kamar ruwan shinkafa, a tuna da kwalara. In akwai jini a aman, ko ciwon ƙirji, ko mutum ya fara sambatu, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko mai ciwon sukari ne ya kasa cin komai, wannan ba maganar citta ba ce, a juya jirgi a nemi asibiti. Kifi ba ya ƙarewa a ruwa.

Labari mai daɗi shi ne jiki yana sabawa. Yawancin mutane in suka yi kwana biyu zuwa uku a jere a ruwa abin yana lafawa, sai dai in an daɗe a tudu yana iya dawowa a fitar farko. Shi kuma jin ƙasa na tafiya bayan an sauka, wanda ya fi tsorata Inna, ƙwaƙwalwa ce da ta saba da rawar jirgi take neman komawa daidai. Yakan wuce cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. In ya ɗauki makonni, a ga likita. Akwai kuma ƴan kaɗan da ba sa sabawa har abada. Su ma ba laifinsu ba ne, kuma aikin gaɓa bai ƙare ba: akwai banda, akwai ƙanƙara, akwai gyaran taru, akwai fataucin kifin.

Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin wannan duka shi ne kunya. Jirin bai jefa ƙanenmu bakin mutuwa ba sai da kunya ta taimaka. Kunya ce ta hana shi cewa ba ya jin daɗi, ita ta kai shi wurin mai tramol, ita ta sa ya lallaɓa gefen jirgi shi kaɗai don kada a gan shi. An rene mu a kan namiji ba ya raki, ɗan Arewa ba ya ja da baya, kuma wannan tarbiyyar ta yi mana rana a gona da fagen kokowa. A kan ruwa tana iya kashe mutum. Mun gaya mashi labarin Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila da ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805: tun yana yaro yake cikin jirgi, kuma har ƙarshen rayuwarsa jirin teku bai bar shi ba. Ya ce shi bai san Nelson ba, amma ya ga Yaya kwance bisa akwatin ƙanƙara, wannan ya ishe shi.

Ga masu jirage da ke ɗaukar yaranmu, da ƴan garinmu da suka daɗe a can masu kai sabbin zuwa, muna roƙo. Ku tambayi yaro ko ya taɓa shiga ruwa, ko ya iya iyo. Ku fara da shi a gajerar fita. Ku bar dariyar sai an dawo gaɓa. Ga iyaye kuma, in ɗa ya kira ya ce zai shiga jirgi, kafin a tambaye shi nawa ne kason, a tambaye shi ko akwai rigar ruwa. Ga masu tsallaka Gaya, ko da jirin bai cika kama mutum a kogi ba, ku zauna inda aka ce ku zauna, kada ku miƙe, kada ku taru a gefe ɗaya, kuma in kun ga an yi ma jirgi lodin da bakinsa ya kusa shan ruwa, ku jira na gaba. Jinkirin awa ɗaya ya fi zaman makoki.

Ƙanenmu yanzu ya saba. Da kasonsa na farko mai kauri ya sayi rigar ruwa, mai ruwan lemu, abokan aikinsa suka yi dariya mako guda, daga baya biyu daga cikinsu suka sayi tasu. Tramol ya bar ta. Iyo ne har yau bai iya ba, kuma wannan yana hana mu barci wani lokaci. Dattijon ya yi alkawarin koya mashi a ruwa marar zurfi, muna ta tuna masu su biyun. Inna kuwa duk wanda zai tafi Kwatano sai ta ba shi ƙulli biyu ya kai: ɗaya laya, ɗaya busasshiyar citta. Ta ce ita ba ta san wanda ke aikin ba a cikinsu, kuma ba ta da niyyar gwadawa.

Jama'a, in kuna da ɗa ko ƙane ko miji a bakin ruwa, Kwatano ne ko Lome, Tema ko Yeji ko Yawuri, ku tura mashi wannan. Wanda bai iya karatu ba a karanta mashi a saƙon murya. Ƴan Arewa da kuka daɗe a aikin ruwa, mun san kun fi mu sanin abin, ku kira mu a shirinmu ku ƙara mana. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido mana da su lafiya. Sai mun ji daga gare ku.